Nisan Sama da Nisan Ƙasa: Me Ya Sa Tazarar Filayen Jirgi Biyu Ba Ta Da Lamba Guda?

Mai neman sanin nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Heathrow a Landan da na Charles de Gaulle a Paris zai iya cin karo da lambobi uku a intanet cikin minti biyar. Wani shafi zai ce masa wajen kilomita 350, wani ya rubuta 188, manhajar taswira kuma ta nuna masa sama da kilomita 450. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farko ya auna layi miƙaƙƙe ne a doron ƙasa, na biyu shi ma wannan layin ya auna amma da mil na teku, na uku kuwa hanyar mota ya bi.

Lamarin ya wuce son sani kawai. A Tarayyar Turai, diyyar da fasinja ke karɓa idan jirginsa ya yi jinkiri sosai ta dogara ne da ɗaya daga cikin waɗannan lambobi. A Faransa kuma, tun watan Mayun 2023 aka haramta wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama a cikin ƙasa bisa hujjar cewa tafiya ta ƙasa ta wadatar. Wanda bai bambance ma'aunan ba zai yi wuya ya gane abin da waɗannan dokoki ke cewa.

## Ma'aunai uku, awo uku

Nisan miƙe shi ne gajeriyar tazara tsakanin wurare biyu a kan doron duniya. Masana suna kiransa nisan babbar da'ira. Kowane filin jirgi yana da wani wuri guda da aka ayyana masa a hukumance, galibi a kusa da tsakiyar titunan tashi da sauka, kuma daga wannan wuri zuwa takwaransa na ɗaya filin ake awon. Lissafin mai sauƙi yana ɗaukar duniya a matsayin cikakkiyar ƙwallo mai nisan kilomita 6,371 daga cibiya zuwa doro. Sai dai duniya ta ɗan kumbura a tsakiya: daga cibiya zuwa layin da ya raba ta biyu kilomita 6,378 ne, zuwa kusurwar arewa ko ta kudu kuma 6,357. Shafukan da ke la'akari da wannan kumburi suna ba da amsa da ta ɗan bambanta, amma bambancin ba ya wuce kamar rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Idan shafuka biyu suka saɓa da kilomita goma a tafiyar kilomita 5,000, yawanci daga nan ne.

Na biyu shi ne nisan da jirgi ya ci a zahiri, wanda kusan kullum ya fi nisan miƙe. Na uku shi ne nisan hanyar mota, daga ƙofar wannan fili zuwa ƙofar wancan.

Awo ma iri uku ne. Mil na ƙasa, wanda ake amfani da shi a Amurka da Ingila, mita 1,609 ne. Mil na teku, wanda matuƙa jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi, mita 1,852 ne. Saboda haka tazarar Heathrow da filin JFK na New York za a iya rubuta ta kilomita 5,550, ko mil 3,450, ko mil na teku 3,000, duk a kan kusanci. Wanda ya ga 3,000 ya ɗauka kilomita ne ya rage kusan rabin tafiyar.

## Layin da ke lanƙwasa a taswira

Fasinjan da ke kallon allon da ke gaban kujerarsa a tafiya daga Landan zuwa Los Angeles yakan ga jirgin ya yi arewa, ya ratsa ta kan Girinland da arewacin Kanada, sannan ya gangaro. A ido kamar zagaye ne. Laifin na taswira ne. Irin taswirar da aka fi sabawa da ita ta samo asali daga wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569 domin matuƙa jiragen ruwa, kuma tana buɗa yankunan da ke kusa da kusurwoyin duniya fiye da kima. Shi ya sa Girinland take kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14.

Idan aka ɗauki zare aka ja shi tam tsakanin wurare biyu a kan ƙwallo, inda zaren ya kwanta shi ne gajeriyar hanya. Wannan layin ne ke fitowa a lanƙwashe idan aka shimfiɗa ƙwallon a takarda. Lanƙwasar ta fi fitowa a tafiyar gabas da yamma nesa da tsakiyar duniya. A tafiyar arewa zuwa kudu ba a cika ganinta ba, a gajeriyar tafiya ta kilomita ɗari biyar kuma ba ta da wani tasiri.

## Abin da ke hana jirgi bin layin miƙe

Ƙarin farko yana zuwa tun kafin jirgi ya yi nisa. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, don haka idan iskar ranar ta sa ya tashi ya nufi yamma alhali gabas zai je, sai ya juyo. Kowane babban fili yana da tsararrun hanyoyin fita da na shiga da aka shata domin kauce wa duwatsu, da wasu jiragen, da damun unguwanni da ƙara. Wajen sauka ana iya kai jirgi bayan filin da kilomita 20 ko 30 kafin ya juyo ya daidaita da titi. Idan akwai cunkoso, masu kula da zirga-zirgar jirage su sa shi kewaya a sama har layi ya zo kansa.

Wannan ƙari kusan iri ɗaya ne ko tafiyar gajera ce ko doguwa, saboda haka ya fi nauyi a kan gajera. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta yi la'akari da haka a tsarinta na lissafin hayaƙin da jirgi ke fitarwa: tana ƙara kilomita 50 a kan nisan miƙe idan tafiyar ba ta kai kilomita 550 ba, 100 idan tana tsakanin 550 da 5,500, da 125 idan ta wuce haka. Kilomita 50 a kan tafiyar 350 kashi 14 ne cikin ɗari. Kilomita 125 a kan tafiyar 10,000 kuwa da ƙyar ya haura kashi ɗaya.

A tsakiyar tafiya akwai wasu dalilan. Ana kauce wa sararin da soja suka keɓe, ana zagaye gajimaren hadari masu tsawa, kuma ƙasashe suna karɓar kuɗi daga jiragen da ke ratsa samaniyarsu, har wani lokaci kamfani ya ga ɗan zagaye ya fi masa arha. Jirage masu inji biyu suna ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira ETOPS, wadda ta kayyade iyakar nisan da za su iya yi daga filin da za su sauka in inji ɗaya ya mutu. A da iyakar ita ce tafiyar minti 60, a 1985 aka fara ba da izinin minti 120, daga baya 180, yanzu wasu jiragen irin su Airbus A350 suna da izinin da ya kai minti 370. Ƙarin izinin ne ya ba jirage masu inji biyu damar ratsa manyan tekuna kusan a miƙe.

Siyasa ita ce ta fi kowane dalili tsawaita hanya. Bayan rufe sararin samaniyar Rasha ga jiragen ƙasashen Turai a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da ake yi cikin kamar awa tara ta koma wajen awa 13, domin dole a bi ta kudancin Rasha ko ta kan kusurwar arewa. Nisan miƙe tsakanin filayen biyu bai canza ba, kuma shafukan lissafin nisa suna nan suna nuna tsohuwar lambar.

## Iska: dalilin da zuwa da dawowa ba su zama ɗaya ba

Daga New York zuwa Landan jadawali yakan nuna kamar awa bakwai, dawowa kuma kamar awa takwas. Mutane da yawa suna danganta wannan da juyawar duniya a ƙarƙashin jirgi, amma ba haka ba ne, domin iskar da jirgin ke ciki tana juyawa tare da duniyar. Abin da ke faruwa shi ne, a tsayin kilomita 9 zuwa 12, inda jirage ke tafiya, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, ta fi kuma tsanani a lokacin sanyi. Jirgin da ya nufi gabas yana neman shiga cikinta ko da zai ɗan bar layin miƙe, wanda ya nufi yamma kuma yana guje mata. A kan tekun Atlantika ta arewa, cibiyoyin kula da jirage na Gander a Kanada da Shanwick a ɓangaren Birtaniya da Ayaland suna fitar da hanyoyin kowace rana bisa inda iskar take. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi tafiyar New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba a nan: abin da iska ta ba jirgi a zuwa bai kai abin da take ƙwacewa a dawowa ba. A ɗauka jirgi yana gudun kilomita 880 a awa, tafiyar kuma kilomita 5,550 ce. In babu iska, awa 6.3 ne kowane ɓangare, jimla 12.6. In akwai iska mai gudun 150, zuwa zai zama awa 5.4, dawowa 7.6, jimla 13. Dalili shi ne jirgin ya fi daɗewa a cikin iskar da ke tare masa gaba fiye da wadda ke tura shi.

## Hanyar mota

Titi yana bin garuruwa, yana neman inda gada take, yana kewaye dutse. A ƙasa mai shimfiɗa da wadatar manyan tituna, nisan mota yakan fi nisan miƙe da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Tsakanin filin Los Angeles da na San Francisco nisan miƙe wajen kilomita 545 ne, ta babban titin I-5 kuma kilomita 610 zuwa 620, wato a nan ƙarin bai ma kai kashi 15 ba. Inda duwatsu suka yi yawa ko tituna suka yi ƙaranci, ƙarin yana iya kai rabi ko ya wuce.

Ruwa shi ne ke rushe wannan lissafi gaba ɗaya. Helsinki da Tallinn suna kallon juna ta kan teku mai faɗin kamar kilomita 80, jirgin fito yana haye shi cikin kamar awa biyu. Wanda ya ce sai ta tudu, hanyarsa mafi kusa ita ce ya zagaya ta Rasha, fiye da kilomita 700, kuma Finland ta rufe mashigun kan iyakarta da Rasha tun ƙarshen 2023. Kinshasa da Brazzaville, manyan biranen ƙasashe biyu, kogin Kwango ne kawai ya raba su, filayen jirginsu ba su kai kilomita 30 tsakani ba, amma babu gada. Tsakanin Panama da Kolambiya kuma babban titin nahiyar Amurka ya yanke a dajin Darien, tsawon kamar kilomita 100, saboda haka babu hanyar mota ko kaɗan tsakanin filayen ƙasashen biyu.

Nan ne ya kamata a yi hattara da shafukan da ke fitar da lamba ta kowane hali. Wasu suna haɗa tafiyar jirgin fito cikin "nisan mota" ba tare da sun faɗa ba. Na Landan zuwa Paris ya ƙunshi kilomita 50 na ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, inda ba a tuƙi: ana loda motar ne a jirgin ƙasa daga Folkestone zuwa Calais, tafiyar minti 35, ban da jiran layi da binciken fasfo. Lokacin da manhaja ke bayarwa kuma na tuƙi ne zalla. Ba ta sa tsayawa shan mai, ko hutu, ko jinkirin kan iyaka. A dokar Tarayyar Turai direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi sai ya huta minti 45, kuma a ƙa'ida awa tara ne iyakar tuƙinsa a rana. Dokar ba ta hau kan mai ƙaramar mota ba, amma ma'auni ne mai kyau ga duk mai tsara doguwar tafiya: abin da manhaja ta ce awa 14 ne, tafiyar kwana biyu ce ga direba ɗaya.

## Lokaci daga gida zuwa masauki

Lokacin da ke jikin tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya bar inda ya ɗauki fasinja zuwa sa'ad da ya tsaya a inda zai sauke su, har da tafiyarsa a ƙasa da jiran izinin tashi. Ana iya ƙiyasta shi haka: a raba nisan miƙe da 800, a ƙara minti 30 zuwa 40. Los Angeles zuwa San Francisco zai ba da kamar awa ɗaya da minti 20, wanda ya yi kusa da abin da jadawali ke nunawa.

Gajeriyar tafiya ba ta barin jirgi ya more gudunsa. A ƙasashe da dama jirgin da ke ƙasa da ƙafa 10,000 ba ya wuce kamar kilomita 460 a awa. Saukowa ma a hankali ake yinta, wajen mil na teku uku ga kowace ƙafa 1,000, saboda haka jirgin da ke ƙafa 36,000 yana fara gangarowa tun saura kilomita 200. A tafiyar kilomita 350, hawa da sauka sun cinye kusan duka hanyar. Hawan ne kuma ya fi shan mai, shi ya sa man da gajeriyar tafiya ke ci a kowace kilomita ya fi na doguwa.

Sai abin da ke wajen jirgin. A ce awa ɗaya daga gida zuwa fili, awa ɗaya da rabi zuwa biyu na rajista da bincike da jira, awa ɗaya da rabi a jirgi, rabin awa na fita da ɗaukar kaya, minti 45 zuwa cikin gari. Jimla ta haura awa biyar. Tuƙi tsakanin Los Angeles da San Francisco kamar awa shida ne. Jirgin da ya fi mota gudu sau takwas bai rage wa matafiyi abin da ya wuce awa ɗaya ba. Idan nisa bai kai kilomita 400 ba kuma titi na da kyau, mota takan riga. Daga kilomita 800 zuwa sama jirgi ya yi mata fintinkau. A tsakani, abin da ke yanke hukunci shi ne nisan gidan mutum da fili, yawan matafiya a motar, da kayan da suke ɗauke da su. Ta fuskar tsaron rai dai ma'aunin ya karkata ga jirgi: a kowace kilomita haɗarin mota ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna duk shekara.

## Inda doka ta shigo

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta kasa diyya gida uku: yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 ga wadda ke tsakanin 1,500 da 3,500 da kuma duk tafiyar cikin Tarayyar da ta haura 1,500, sai yuro 600 ga sauran. Ta kuma fayyace cewa da nisan babbar da'ira za a auna. Zagayen da jirgi ya yi saboda hadari ko rufe sararin samaniya ba ya shiga lissafi. A 2017 Kotun Tarayyar ta duba ƙarar fasinjojin da suka tashi daga Rum zuwa Hamburg ta Brussels. In an haɗa zangon biyu tafiyar ta wuce kilomita 1,500, in an auna a miƙe ba ta kai ba. Kotun ta ce daga wurin tashi na farko zuwa masauki na ƙarshe ake aunawa, don haka diyyar ƙaramin mataki ce ta hau.

Dokar Faransa kuwa ba ta kilomita take yi ba, ta lokaci take. Ta hana jirgin fasinja tsakanin birane biyu na cikin ƙasar idan akwai jirgin ƙasa da ke yin tafiyar cikin ƙasa da awa biyu da rabi, yana kuma zirga-zirga isasshe a rana. A aikace hanyoyi uku ta shafa: daga filin Orly na Paris zuwa Bordeaux, Nantes da Lyon. Masu goyon baya suna cewa jirgin ƙasa mai lantarki yana fitar da hayaƙi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da jirgin sama, yana kuma sauke mutum a tsakiyar gari, don haka fasinja bai yi asarar lokaci ba. Ƙungiyoyin kare muhalli suna ganin dokar ta yi laushi, tunda taron 'yan ƙasa da ya kawo shawarar awa huɗu ya nema, wanda da ya haɗa da hanyoyi irin su Paris zuwa Marseille. Ɓangaren kamfanonin jirage kuma suna cewa hayaƙin da aka rage bai taka kara ya karya ba, ganin cewa mafi yawan hayaƙin sufurin sama daga dogayen tafiye-tafiye yake fitowa, kuma Air France ta riga ta janye daga waɗannan hanyoyi tun 2020 a cikin sharuɗɗan tallafin da gwamnati ta ba ta lokacin korona. Jiragen da ke zuwa filin Charles de Gaulle daga waɗannan birane sun ci gaba da tashi, don haka mai canza jirgi zuwa ƙasar waje bai ji a jikinsa ba. Wanda abin ya shafa shi ne mai zuwa Paris ɗin kanta, shi ma jirgin ƙasa mai gudu yana kai shi cikin kamar awa biyu.

## Kurakuran da suka fi jawo asara

Mafi tsada shi ne ɗaukar sunan gari a matsayin sunan fili. Kowane fili yana da lambarsa ta haruffa uku, ita ya kamata a duba a tikiti. Landan tana da LHR, LGW, STN, LTN da LCY, kuma daga Heathrow zuwa Stansted tafiya ce ta sama da awa ɗaya a mota ko da titi a buɗe yake. Mai canza jirgi tsakanin filaye biyu na gari ɗaya sai ya ƙara lokacin karɓar kaya, da shige da fice, da sabon bincike. Wasu filayen ma sunan garin kawai suka ara: Beauvais na nesa da Paris da kamar kilomita 85, Frankfurt-Hahn na nesa da Frankfurt da kamar 120, Narita kuma kamar 60 daga tsakiyar Tokyo, alhali Haneda tana bakin gari. Tikiti mai arha zuwa irin waɗannan filaye yana zuwa da ƙarin awa ɗaya ko biyu a bas, da kuɗinsa.

Na biyu shi ne agogo. Lokacin tashi da na sauka a tikiti kowanne da agogon garinsa aka rubuta shi. Jirgin da ya bar Paris ƙarfe 10:00 ya sauka Landan 10:20 ba minti 20 ya yi ba, awa ɗaya da minti 20 ya yi, domin Landan na bayan Paris da awa guda. A tafiyar da ta ratsa tekun Pasifik har kwanan wata yana canzawa: mai tashi daga Tokyo da yamma zai iya sauka Los Angeles da safiyar wannan ranar, mai komawa kuma ya tashi ranar Litinin ya sauka ranar Talata. Mai zuwa tarbar baƙo ko mai kama ɗaki a otal sai ya duba ranar sauka tare da sa'ar, musamman idan akwai alamar +1 a gefen lokacin.